Taswirar da Anka Zana a Tsakar Gidana

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, haifaffiyar Tambuwal, aure ya kai ni wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Lokacin da abin ga ya faru ina goyon ɗiyata ta fari, ko zama ba ta fara ba. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, kuma ni mai saurin tsorata ce, ko babur ya tsaya ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ƙanwata da ke bi mini ita Allah ya ba boko, tana jami'a a Sakkwato. Can ta shiga wata ƙungiya ta ɗalibai mata masu son aikin tsaro na ƙasa da ƙasa, irin waɗanda ake zaunarwa teburin sulhu, ko a tura su inda anka yi yaƙi. Tun da ta shiga ba a sake yin hirar mutane da ita ba. Ki ce mata gero ya yi tsada, kafin ki rufe baki ta kai ki Sudan.

Da sunka samu hutu ta kira ni, wai za ta zo da ƙawayenta biyu 'yan ƙungiyar su ji daga bakin matan ƙauye yadda sha'anin 'yan bindiga ke taɓa su, tunda kullum maza ake tambaya. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, ina son a ga irin dangin da na fito. Maigidana ya ce baƙona baƙonsa ne, amma ranar zai ci kasuwar Fakku, don haka in sun iso in fara kai su gidan mai gari su gaisa. Wannan doka ce yanzu a garinmu, ko mai tallan kayan koli sai an nuna shi. Da sunka sauka na gaya wa ƙanwata. Ta ce haba Yaya, hira ce fa tsakanin mata, in anka sanar da maza za su zo su zauna, mata kuma su zama kurame, ga shi suna son komawa kafin mota ta ƙare. Ƙawarta mai tabarau ta ɗora da wani dogon bayani rabinsa Turanci. Na ji nauyin in yi musu da 'yan jami'a. Na tafi dama fura.

Mata sun taru, da farko kowa na rufe baki da gefen mayafi. Sai ƙanwata ta ɗauki karan dawa ta yi zane a ƙasa, ta ce ga gidan nan, a nuna mata rijiya. Daga rijiya sai hanyar itace, sai fadama, sai inda mata ke jin tsoron bi. Nan fa kunya ta gudu. Maƙwabciyata ta fizge karan, wai ke 'yar birni ba ki iya ba, kawo ki gani. Wannan ta sa dutse ta ce nan shanu ke kwana, waccan ta sa ƙwallon goruba ta ce nan mazanmu ke zaman sintiri, wata ta ce ƙarya ne sun koma gindin tsamiya, ana ta shewa kamar gidan biki. Ina zaune da ɗiyata a cinya, ina kallon garinmu kwance a ƙasa tsirara. Mai tabarau ta hau kan turmina ta ɗauki hoton zanen da waya. Wata tsohuwa ta ajiye ludayi ba ta ƙarasa furarta ba, ta sa takalmi ta fita ba sallama. Na gan ta, na kuma san abin da fitar ke nufi, amma na ci gaba da zamana.

Ba a rufa mako ba anka kore shanun mutane, ta ɓangaren da ba mai sintiri. Ko ɓarayin sun daɗe da sanin hanyar, Allah masani, amma gari ya riga ya samu amsarsa. Matan da sunka yi rububin riƙe kara su ne sunka fara cewa yaudararsu anka yi. Maƙwabciyar nan tawa ta aiko a karɓo rariyarta da ta kwana biyu a wurina, ta hana ɗiyanta leƙo gidanmu. Uwar mijina ta tsaya bakin ɗakina ta ce sannu da ƙoƙari, wai na kawo masu ɗaukar gari a waya. Sai kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, ta fara yawo tare da sunan maigidana. Wanda ke zaune a irin ƙasarmu ya san wannan kalma, in ta manne wa mutum ba a jiran alƙali. In ya fita gona ba ni iya haɗiyar ko ruwa sai ya dawo, har nonona ya ja baya.

Na kira ƙanwata ina kuka. Kun san abin da ta ce? Wai wannan shi ne ainihin abin da sunka karanta, yadda rashin tsaro ke kashe yarda tsakanin jama'a, in daure in sake faɗa mata a hankali don ta kai zaman ƙungiyarsu. Wallahi da kusa take da sai na mare ta. Na ce ta goge hoton, ta ce ai an riga an tura wa 'yan ƙungiya, har an yaba. Ni ina maganar ran uban ɗiyata, ita tana gaya mini an yaba.

Babanmu, wanda malamin zaure ne a Tambuwal, shi ya sa ƙanwata gaba har ƙofar mai gari. Ta durƙusa ta yi bayani, wannan karon da Hausa tsantsa, ta goge hoton kowa na gani. Wani dattijo cikin 'yan sa-kai ya tambaye ta, to yarinya, yanzu wayoyi nawa ke ɗauke da garinmu? Sai ta fashe da kuka. Ƙarshe maigidana, wanda ko ganin baƙin bai yi ba, shi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Mai gari ya ce magana ta mutu. A baki ta mutu. An sauya wuraren sintiri, ba a kuma sake kiran maigidana sintiri ba. Mutumin da anka binne cibiyarsa a garin, yau bai san inda masu gadin garin ke zama ba. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Ba na cewa yaran nan mugaye ne. Niyyarsu mai kyau ce, kuma ina son a samu mata a wannan aiki, don akwai abin da mace ba ta iya gaya wa namiji mai bindiga. Amma su da yamma sunka hau mota, mu anka bari da garin. Ni ce na san dokar wurin, ni anka ba saƙo, na bari kunyar rashin boko ta ɗaure mini harshe. 'Yan'uwana mata, in baƙo ya zo gidanki, ko da digiri goma ya zo, ke ce kika san inda kike kwana, ki faɗi abin da kika sani ko za a yi miki dariya. Ku kuma ɗalibai, kafin ku tambayi mutum abu, ku tambayi kanku abin da amsar za ta jawo masa bayan kun tafi.

Ƙanwata ta ba ni haƙuri, na kuma yafe, jini ba wasa ba ne. Ta ce yanzu a ƙungiyarsu ba mai zuwa ƙauye sai an bi ta hannun masu gari. Har yau takan kira ta ce Yaya, ya yanayin tsaro a wajenku? Sai in ce mata lafiya lau, in miƙa wa ɗiyata wayar su gaisa.