Wankan Jego a Gidan Haya

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ni da matar ɗakin da ke kallon nawa duk muna da cikin fari. Gidan haya ne a Gyaɗi-Gyaɗi, mijina direban tifa, nata tela. Ita 'yar Tarauni ce, da ƙafa take zuwa gidansu ta dawo tuwonta bai huce ba. Ni kuwa in aka ce ina ne garinku, sai na yi dogon bayani tukuna.

Ƙauyen babana yana bayan Mubi, a bakin wani rafi. Da Turawa za su tafi aka kafa wa mutanen wajen akwati biyu, Najeriya ko Kamaru, suka zaɓi Najeriya. Amma ni 'yar fari ce, Innata gidan iyayenta ta tafi haihuwa kamar kowace mace, gidan kuma yana tsallaken rafin, ɓangaren da tsofaffi har yau ke ce wa Faransa. Da babana ya rasu, can ta koma da zama.

Ban san wannan abin magana ne ba sai ranar yankan katin zaɓe. Malamin ya tambayi inda aka haife ni, na faɗa masa gaskiya. Ya ajiye biro.

"To ai ke baƙuwa ce, Malama."

Na ce ubana ɗan Najeriya ne. Ya ce uban ya zo ya faɗa da bakinsa. Maƙwabciyar tawa tana bayana a layi, ko gaisuwa ba ta gama ba ya ce ai ya san kakanta, ya miƙa mata kati.

Daga ranar ta raɗa mini suna. "Madam Faransa, ara mini rariya mana." Da dariya take faɗa, ba mugunta a ranta, shi ya sa ma ya fi ƙona ni.

Da cikina ya tsufa Inna ta aiko wani mai kai goro ya ce in taho, ta tara itace, ta tanadi kanwa da yaji. Mijina ya ce, "Ki je mana, ba haka ake yi ba?"

"In je in haifo maka baƙo?"

"Wa zai tambayi jariri?"

"Ai ni ma da ina jaririya ba wanda ya tambaye ni."

Lokacin ana ta raɗe-raɗin wai za a loda baƙi a mota a kai su bakin iyaka. In na ji tifa ta tsaya a ƙofar gida, ko ta mijina ce, sai in tashi in sa wa ƙofata sakata. Na ce ba ni zuwa.

Maƙwabciyata kam gwaggonninta suka zo suka tafi da ita, ɗaya riƙe da akwati, ɗaya tana mata faɗan ta taka a hankali. Ta bayan labule na leƙa su har suka fice.

A ɗaki na haihu, namiji. Wata tsohuwar ungozoma daga Unguwa Uku ke zuwa ta fyaɗa mini ruwan zafi da ganyen darbejiya a gurguje, don tana da wasu gidajen. Kunun kanwa da kaina nake damawa, yaron yana tsala kuka a kan tabarma.

Bayan arba'in maƙwabciyata ta dawo, wuyanta har ya yi ninki, ga lalle har idon sawu, uwarta ce ma ke goye da jaririyar. Ta dube ni.

"Kai, Madam, kin rame! Me ya hana ki tafiya gida?"

Na ce hanya ce ba kyau.

Inna ba ta zo suna ba. Saƙonta a bakin mai goron nan gajere ne: tunda na zama 'yar birni, Allah ya raya.

Ɗana haifaffen Kano ne, wannan na samu. Yanzu har ya fara tafiya, bai taɓa ganin kakarsa ba. Uwar maƙwabciyata in ta zo sai ta ɗaga shi sama tana cewa, "Mijina, ina cefanena?" shi kuma ya yi ta ɓangala mata dariya. Nakan bari ta ɗan yi, sannan in ce lokacin nononsa ya yi, in karɓe abina in shige ɗaki.