Kafo a Gaɓa ta Biyar

Ni fa ba wata gwanar jita ba ce, kada wani ya ɗauke ni da girma. Kamu uku kawai na iya, wato yadda ake danne tsirkiya da yatsu, kuma da su nake raka duk waƙoƙin majami'armu a wani ƙauye yamma da Ɗanbatta. Abin da ya rufa mini asiri shi ne kafo, ɗan ƙarfen nan da ake matse wa jita a wuya. Wuyan jita gaɓa-gaɓa yake kamar karan dawa. In ka tura kafo wajen cikin jitar sauti ya hau, in ka janyo shi wajen kanta sauti ya sauko, yatsunka kuwa suna nan a kamun da suka saba.

Da fari fensir nake ɗaurawa da robar tayar keke, tsirkiya ta yi ta zizar da ke sa mutum ciwon kai. Da na shiga Kano na sami iri biyu a wani shago a Sabon Gari. Ɗaya mai noti ne, mai shagon ya ce ya fi riƙe sauti daidai, sai dai dole ka tsaya ka kwance ka sake ɗaurewa. Ɗayan mai sifirin ne, kamar abin matse shanya, da hannu ɗaya ake matsar da shi. Na ɗauki mai sifirin saboda Baba.

Baba, wato mahaifina, shi ne mai ba da waƙa a majami'armu. Tun kafin ya shiga addini shi ke yi wa 'yan gayya waƙa a gona, kuma halin bai bar shi ba: yana tsakiyar wata waƙa sai ya faɗa wata babu ko sanarwa, ke kuma ki bi shi da gudu. Amma gidan muryarsa gaɓa ta biyar ne. Shekara da shekaru nan nake kafa kafo, in kaɗa, ya shiga, jama'a su amsa har kwanon rufi ya ɗauka.

Bayan Ista, ruwan fari ya sauka, muna gwaji a zaure ran Asabar da yamma, sai ya yi gyaran murya.

"Uwata, sauko da ƙarfen nan kaɗan."

Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na mai da kafo gaɓa ta huɗu, na ce mura ce. Inna ta dafa masa citta da kanumfari, ta zuba zuma. Lokacin noman fari ya ce in ƙara saukowa. Murar ba ta zo da majina ba, ba ta zo da zazzaɓi ba, ta kuma ƙi tafiya. Na fara lura yana daɗewa a kan loma guda ta tuwo, daga baya ya ce shi kunu ya fi masa daɗi. Baba da kunu da rana tsaka! Ranar na gane ba mura ba ce.

Na yi ta maza na ce masa mu je asibiti a Kano. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Da gero a tsaye?"

A wajenmu maigida ba ya barin gona tsakanin shuka da girbi sai in ɗaukarsa aka yi. In aka ji ya tafi asibitin birni da damina, sai mutane su fara zuwa gidansa suna gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi rashi. Ya ce kada in kuskura in gaya wa kowa, in an kai amfani rumbu za a duba. Ni mai baki ce, kowa ya sani, 'yan ajina a firamare suna tsoron tsawata. Amma a gaban Baba sai na ce to.

Daga nan Asabar ta zama ranar fargabata. Ina ɗauko jita ina roƙon Allah kada ya ce in sauko. Wani satin ya yi shiru, in ji kamar in yi guɗa. Wani satin ya ɗaga yatsa ya nuna ƙasa. A majami'a kuwa babu wanda ya lura, don duk inda muryar ta tsaya nan nake kai mata jita, sai dai a ce yau waƙar dattijo ta yi sanyi da daɗi. Da gero ya fid da kai kafo yana gaɓa ta farko. Bayan ta babu sauran wurin zuwa, kuma ni kaɗai na san haka a duk ƙauyen. Haka dai na zata.

Wata safiya muna tsinke ganyen zogale, Inna ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ƙarfen nan naki, da can a tsakiya nake hango shi. Yanzu ya kusa faɗowa ta kai."

Inna ba ta san komai game da jita ba, daga layin mata kawai take kallo. Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Share hawayenki," in ji ta. "In an yanke gero zai ce wake, in an roro wake zai ce gyaɗa, daga nan ya ce sai an kai kaya kasuwar Dawanau. Ba ya jin tawa, ba ya jin taki. Maganar dattawan majami'a ce kaɗai ba ya tsallakewa, su kuwa kin toshe musu kunne da ƙarfen nan. Ran Lahadi ki mai da shi inda yake da."

"Inna, in kunyata shi a gaban jama'a?"

"Ki kunyata shi yana raye."

Ran Lahadin majami'a ta cika. Allah ya sani, ban ji kalma ɗaya daga wa'azin fasto ba. Baba ya miƙe da farar rigarsa. Na cire kafo daga gaɓa ta farko na kafa shi a ta biyar, na kaɗa.

Ya ji tun daga sautin farko. Ya juyo ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Da ya ga dama da ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Amma Baba bai taɓa ja da baya daga waƙa ba. Ya cika ƙirji ya buɗe baki, abin da ya fito kuwa ba murya ba ce, wani kurji ne kamar ana jan garma a kan tsakuwa. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Ya toshe baki da hannun riga, da ya sauke na ga ja a jikin farin yadin. Dattijon da ke kusa da shi ma ya gani. Ni kuwa hannuna ya ƙi daina kaɗawa, sai da matan zumuntar majami'a suka ɗauki waƙar suka ƙarasa.

Dattawa suka shiga da shi ɗakin fasto. Washegari muna cikin motar Kano daga Ɗanbatta, yana kallon taga. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, kuma ba abin jira ba ne. Aka yi masa aiki. Ransa ya tsaya, muryar ta tafi gaba ɗaya. Geron da yake tsoron bari, mutanen majami'a suka yi gayya suka yanke, babu mai ba su waƙa.

Da muka dawo gida wani sabon tsoro ya kama ni. Mutumin da ba ya magana, ta ina za ki san ko ya yafe miki? In na durƙusa na gaishe shi sai ya gyaɗa kai yana kallon wani wuri. Na rataye jita a ƙusa, na ce ni da ita har abada.

Ana dab da Kirsimeti, wata Asabar da yamma, ina zaune a zaure sai ga shi da jitar a hannu. Ya ɗora mini a cinya, ya zauna a kan buzunsa. Ya miƙo hannu ya matse kafo, ya bi gaɓoɓin da yatsa har ta biyar, ya sake shi a karkace don bai taɓa riƙe shi ba. Sannan ya nuna maƙogwarona.

Na gyara wa kafo zama, na kaɗa, na ɗauki waƙar nan da ta gagare shi ran Lahadin. A baiti na biyu na yi tuntuɓe. Ya haɗe rai, ya bugi buzu da tafin hannu, ya juya yatsa alamar in koma daga farko.