Yaya Rakiya da Yarinyar da Aka Tsinta

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata, Dakta Rakiya, malama a sashen nazarin walwalar jama'a na jami'a a nan Jos. Ɗalibanta sun yi rubutu a kanta lokacin da ta rasu, sun faɗi abin da suka sani. Ni ban taɓa zama a ajinta ba. Ƙanwarta ce ni, mai ɗan shagon buga takardu a unguwar Ali Kazaure, kuma kusan duk abin da ta rubuta sai da ya bi ta yatsuna kafin ya isa gaban wani.

A Anguwan Rogo muka tashi, gidan tela. Ranar da ta zama dakta, Baba ya tambaye ta wace irin dakta ce wadda ba ta yin allura. Ta yi dariya ta ce aikinta shi ne gano abin da tashin hankali yake bari a zuciyar yaro bayan manya sun ce komai ya wuce. Baba ya ce Allah ya taimaka, ya koma kan kekensa. Ba na jin ya gane a ranar. Mu duka sai bayan rikicin da ya raba garin nan muka gane.

Daga lokacin Yaya ba ta zauna ba. Da safe za ta ɗora rigar sanyi, ta jefa rikoda a jaka, ta hau acaɓa. Ta shiga gidajen Musulmi, ta shiga na Kirista, tana hira da iyaye mata kan 'ya'yansu: wanda ya koma fitsarin kwance, wadda ta daina magana, wanda ke shigewa ƙarƙashin gado in taya ta fashe a titi. Da yamma ta kawo mini kaset in mayar da shi rubutu. Ba ta sa suna a jikin kaset, lamba kawai. Ta hana ni gyara maganar kowa, har inda mace ta yi shiru sai in rubuta cewa ta yi shiru.

Labarin da zan bayar yau na nemi izinin masu shi, kuma na canja sunayensu.

Wata rana ina buga hirar wata mata, Talatu, wadda 'yarta Zainabu ta ɓace a ranar da ake gudun rikicin. Zainabu ba ta kai shekara uku ba a lokacin. An kashe mijin Talatu, 'yan'uwa suka kwashe ta zuwa ƙauyensu, ta yi watanni can, har aka yi wa yarinyar addu'a tare da ubanta. Cikin kuka ta ambaci tabon ƙuna a ƙafar yarinyar ta hagu, inda shayi ya taɓa zubo mata. Hannuna ya tsaya. Mako biyu kafin nan na buga hirar wata mata 'yar unguwar Congo-Russia, Mama Rifkatu, mai sayar da dankalin turawa. Ita ta tsinci wata yarinya a bakin kwata ranar rikicin, ta goya ta, ta kai cigiya inda ta sani, ba wanda ya zo. Ta sa mata suna Kyauta. Ita ma ta ambaci tabo a ƙafar hagu.

Na rufe shago na tafi ofishin Yaya da takardun biyu. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta ajiye. Ni so nake mu tashi a take mu gaya wa Talatu. Yaya ta ce a'a. Ta ce matan nan amana suka ba ta, ba ta da ikon ɗaukar maganar ɗaya ta kai wa ɗaya sai da yardarsu, kuma in tabon ya zama na wata yarinyar ce, mun kashe Talatu karo na biyu. Na yi fushi da ita ƙwarai. Kwana uku ban yi mata magana ba sai gaisuwa.

Wurin Mama Rifkatu ta fara zuwa. Matar ta saurara, ta shiga ɗaki ta fito da 'yar rigar da ta tsinci yarinyar da ita, a wanke a ninke. Ta ce ta san wannan rana za ta zo, tana roƙon Allah ya kawo ta, tana kuma tsoron zuwanta. Da yardarta Yaya ta kai wa Talatu rigar, tana ganinta ta zube ƙasa.

A shagona aka haɗu, don kowacce tana tsoron shiga unguwar ɗayar. Na zaci yarinya za ta ruga wurin uwarta. Sai ta ɓuya a bayan zanen Mama Rifkatu, da Talatu ta miƙa hannu ta fasa kuka. Wan mijin Talatu, dattijo mai zafi, ya ce jininsu ne, yau za ta kwana a gidansu.

Yaya ta ce, “Alhaji, taku ce, ba mai musu. Amma an taɓa fizge ta daga hannun uwa sau ɗaya. Kada ya zama mu ne muka sake.”

Mama Rifkatu ta ce da irin Hausarta, “Ni ba zan riƙe shi ba, Baba. Amma yarinyan nan bai san kowa ba sai ni.”

Dattijon ya dubi yarinyar tana shessheƙa, ya zauna a kan bencina. Ya tambayi Yaya yadda take so a yi.

Wata biyu ana zuwa shagona duk Asabar. Da farko Talatu zama kawai take yi, yarinya na leƙenta daga nesa. Sai ta fara karɓar ƙosai daga hannunta. Sai ta yarda ta yi mata kitso. Ranar da ta yi barci a cinyar Talatu, Mama Rifkatu ta fita waje ta yi kukanta, Yaya ta bi ta ta tsaya kusa da ita. Ko da yarinya ta koma wurin Talatu a Anguwan Rogo, Yaya ta sa aka yi alkawarin ba za a yanke zumunci ba.

Abokan aikinta sun ce ta rubuta labarin, zai kai sunanta ƙasashen waje, ya taimaka mata wajen ƙarin girma. Ta tambayi matan, Talatu ta ce ba ta so a lokacin. Yaya ta cire shi daga binciken gaba ɗaya, ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta kai ga zama farfesa ba. Ciwo ya kama ta, ya ci ta cikin 'yan watanni. A gadon asibiti ta umarce ni in ƙona kasetocin duka, na kuwa ƙona.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Jos ta yau. Yanzu kowa da waya a hannu, da a lokacin haka ne watakila yarinyar ba ta yi shekara a ɓace ba. Wannan zai yi mata daɗi. Amma an sake rikici bayan tafiyarta, unguwanni sun ƙara rabuwa, akwai yaran da suka tashi ba su taɓa taka wasu tituna ba. Ba na jin za ta yi dogon jawabi. Za ta nemi sabon batir ta sa wa rikodarta ta fita.

Littafin da ta fara yana cikin kwali a ɗakina, bai ƙare ba. Ɗalibanta suna aiki a asibitoci da gidajen marayu, wasu sukan biyo su gaishe ni. Yarinyar nan kuwa tana gab da gama firamare, tana amsa sunayenta biyu. Da hanya ta sake yin wuya, matan suka dawo haɗuwa a shagona. Asabar da ta wuce musu ya kaure tsakaninsu kan sakandaren da za a sa ta. Talatu na son ta kusa da gida, Mama Rifkatu na cewa ƙwaƙwalwar yarinyar ta fi ƙarfin wannan makaranta. Murya ta yi sama, kowacce na cewa 'yata, 'yata, ita kuma tana zaune tsakaninsu tana cin gyaɗa. Ban sa musu baki ba, na ci gaba da aikina.

Allah ya jiƙan Yaya Rakiya, ya haskaka makwancinta.