Mai Gona Daban, Mai Ɗorawa Daban

Ƙarar injin yanka itace ba ta kama da komai da na taso ina ji. Gatari yana sara yana hutawa, mai shi yana nishi, kana iya zuwa ka riƙe masa hannu. Injin nan ba ya hutawa. Duk sanda na jiyo shi sai in ajiye abin da ke hannuna, in tuna kakata da ɗorawarta uku.

Ƙauyenmu yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, a bayan duwatsu. Kai da ka tashi a birni, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. A wurinmu mai gona daban, mai itacen da ke cikin gonar daban. Da mahaifin kakata ya rasu aka raba gado, yayanta ya ɗauki gona, ita aka ba ta ɗorawa uku da ke tsakiyar gonar. Ba a rubuta ba. Liman yana wurin, mai unguwa yana wurin, shi ke nan. Gonar ta bar hannun danginmu tun kafin a haife ni, amma duk wanda ya saya sai an gaya masa a gaban shaidu cewa ƙasa tasa ce, ɗorawa ta tsohuwa ce. In an yi ɗiba a kai masa kwando guda, saboda inuwar da ta danne masa dawa. Ban taɓa jin an yi faɗa a kan haka ba.

Da sanyi ya fara ja da baya sai fure ya fito, ja, yana reto kamar an rataye shi da zare, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Daga nan sai 'ya'ya su zubo dogo-dogo. Ba mai taɓawa sai mai unguwa ya sa an yi shela cewa ta nuna. Ranar, Kaka takan riga kowa fita da doguwar ƙugiyarta. Tana fizgowa, mu yara muna tsincewa, bakinmu rawaya da gari har kunne. Ba ta yar da komai. Garin na kunu ne. Ɓawon a jiƙa a daɓe ɗaki da ruwansa. Ƙwayar ciki, kalwa, ita ce daddawa: ta wuni a kan wuta, a surfa da toka, a wanke a rafi, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana uku. Warin yakan kama zani ya ƙi fita. Da wannan warin Kaka ke zuwa kasuwar Sara da ƙafa, ta dawo mana da gishiri da manja.

Akwai shekarar da fari ya ƙone gero tun yana ƙarami. Maza suka tafi cin rani, wasu ba su dawo ba. Mu garin ɗorawa da ruwa muka sha, safe da yamma, har damina ta zagayo. Ƙanena bai kai ba. Ni na kai.

A lokacin akwai malamin daji, ma'aikacin hukuma mai kaki da keke. Muna jin ƙararrawarsa muke gudu. Wata rana Baba ya sare reshe ɗaya a ɗorawar gabas don ya tokare rumbu. Reshe ɗaya. Malamin daji ya ga sabon sara, ya bi sawu har ƙofar gidanmu, ya karɓe gatarin, ya ce Baba ya same shi a ofis. Tafiyar wuni ce da ƙafa, zuwa da dawowa. Baba ya dawo da yamma yana ta huci, yana jiran uwarsa ta taya shi faɗa. Kaka ko ɗago kai ba ta yi ba daga kan turmi.

"Ya yi min daidai," in ji ta. "Ai ni ma ba ka tambaye ni ba."

Kwana biyu Baba bai ci tuwonta ba.

Kaka ta rasu, Baba ya rasu, ɗorawa ta zo hannuna, don ni kaɗai na rage. Aure ya kai ni wajen Kiyako, amma kowace bazara ina komawa da ƙugiya, ina kai wa mai gona kwandonsa. Da daddawar nan na aurar da 'ya'yana mata uku bayan ubansu ya mutu.

Bara aka aiko min in zo maza. Ko da na isa gonar, ɗorawa biyu suna kwance, da furensu a jiki. Masu gawayi suna ta gutsuttsura su. Wani alhaji daga birni ya sayi gonar, yana son tarakta ta wuce ba tare da kewaye ba. Na tsaya a gaban injin.

"Inna, matsa kar ki ji ciwo," in ji babbansu.

Na ce, "Wa ya ba ku?"

Ya zaro takarda mai hatimi ya nuna min. Ban iya karatu ba. Ya ce ƙaramar hukuma ce, sashen daji.

Washegari na je sakatariya. Ba zan kira sunanta ba, sun san kansu. Na zauna a benci har azahar. Wanda ya gan ni saurayi ne mai ladabi, har da ba ni ruwa. A bangon bayansa akwai hoton katuwar bishiya.

"Inna, ina takardar mallakarki?"

"Itacen ya girmi kakanka. Wa ke da takarda a lokacin?"

"Fom ɗinmu sunan mai gona kawai yake tambaya. Babu gurbin mai bishiya."

"Wa ya je ya duba? Kun tambayi mai unguwa?"

Ya juya biro a hannu. Ya ce hakan ba ya cikin tsari. Sai ya fita ya dawo da dashen dogon-yaro guda biyar a leda, ragowar bikin dashen itatuwa, wai in je in shuka a madadin nawa. Na ce, "Ɗana, wace miya ake yi da wannan ɗacin?" Na bar masa su a kan tebur.

Alhajin baƙo ne, bai san al'adarmu ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba. Masu gawayi yunwa ce ta kawo su. Haushina yana kan ofishin da aka kafa don tsare daji. Da, ma'aikacinsa yakan bi sawun reshe ɗaya a keke. Yau suna da mota, amma daga kan kujera suke sa hannu a kashe itacen da ya ciyar da zuriya har hawa huɗu. Duk damina su zo da masu ɗaukar hoto su dasa 'yan tsirrai a bakin titi, kafin sati awaki sun cinye. Su ce sun yi yaƙi da hamada. Yanzu matan ƙauyenmu kalwar kudu suke saya, ƙananan yara kuma ba su san ɗanɗanon garin ɗorawa ba.

Ɗaya ta rage, ta yamma. Mai unguwa ya roƙa aka bar ta sai an yi ɗiba, masu gawayi suka shafa mata jan fenti a gindi, alamar za su dawo. Cikin waɗanda suka san ta kakata ce, tsofaffi biyu suka saura, ɗaya ma ba ya ji. Na kai su ofis, aka ce a dawo wani sati. An yi wani satin sau da yawa.

Na dawo ƙauye da zama. Na sa wuƙa na kankare fentin a hankali, don kar in ji mata ciwo. Suka zo suka sake shafawa. Na sake kankarewa. Yanzu da na idar da sallar asuba nake ɗaukar tabarma in je gindinta in zauna, in jingina bayana daidai inda za su ɗora injin. Sun zo sau biyu sun same ni, sun gaishe ni, sun juya. Har yau ba su samo takardar da ta ba su izinin sare tsohuwa ba.