Fim ɗin da batir ya katse mana a Rogo

Muna tsakiyar kallo batirin motar da ke ba talabijin wuta ya mutu. A Rogo ne, zamanin kaset. Fim ne baƙi da fari, ba waƙa ba rawa, shi ya sa aka raina shi. Labarin wani direba ne da ya yarda ya ɗauki ɓarayi sau ɗaya.

Ƙanena Sani direba, wanda a lokacin ɓarayin shanu ke ta lallaɓa shi ya ɗauke su a motarsa, ya kasa zama.

"Yaya, direban ya tsira?"

"Je ka ɗauke su, ka dawo ka ba mu ƙarshen."

Bai je ba.

Yanzu ɗana ne ke bin irin abokan nan, na rasa sukuni. Iyaye, ku nemi fim ɗin nan. Don Allah wa ya tuna sunansa?