Mutumin da ke koya wa baƙi ihu

Kafin raɓa ta bushe, Baba Mai Fili ya riga ya zagaye filin golf ɗin da bai mallaki ko taki ɗaya a cikinsa ba. Yakan share ramukan yashi, ya gyara tutoci, sannan ya tsaya inda ake fara wasa yana jiran baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe da sandunan da suka fi gwanintarsu tsada.

Dokokinsa ba su da yawa. Kada ka yi magana lokacin da wani zai buga. Kada inuwarka ta faɗa kan ƙwallon abokin wasa. In ka shiga yashi, ka share sawunka. Baƙi sukan gyaɗa kai, don yin shiru a ƙasar mutane ba wuya. Ta ƙarshen ce ke ba su kunya: ba mai wucewa ya fara wasa sai ya buɗe baki ya ce "Hattara!", gargaɗin da ake yi in ƙwallo ta karkace, har tsuntsaye su tashi.

Na ga wani babban likita ya faɗe ta kamar mai neman izinin shiga ofis.

"Ranka ya daɗe, wannan ko matarka ba za ta juyo ba," in ji Baba. "Sake."

Tsofaffin ma'aikata sun san dalili. Ƙanen Baba mai yankan ciyawa ne. Wata safiya yana aiki bayan bishiyoyin da ke kwanar fili, wani baƙo ya buga ƙwallo ta karkace. Baƙon ya gan ta tana tafiya, amma mutum ne mai ladabi ƙwarai, bai so a ce ya zo garin mutane yana ihu. Ta sami ƙanen a gefen kai. An ce baƙon ya yi ta'aziyya mai kyau.

Kai ne, Baba, ka koma bakin aiki bayan zaman makoki ba ka zagi kowa ba. Kai ne ka riƙe 'yar marigayin har ta girma, ta kama aikin ban ruwa a wannan kwanar, duk da ka hana.

Bara aka yi wa Baba aikin maƙogwaro, muryarsa ta tafi, sai raɗa. Hukumar fili ta yanke shawarar ya huta, a kafa allon dokoki a madadinsa. Allo, in ji su, ba ya ɓata wa baƙo rai.

A makonsa na ƙarshe, da hantsi, wani baƙo da ya karanta allon ya buga ƙwallo ta nufi bishiyoyin nan. Ya tsaya da sanda a sama, baki a rufe. Baba ya buɗe nasa, ba abin da ya fito. Sai muka ji "Hattara!" daga cikin bishiyoyin, da muryar namiji, a kusa ƙwarai. 'Yar ta duƙa. Ƙwallon ta fasa bokitin da ta rataye a reshe, daidai inda kanta yake kafin ta duƙa.

Masu gadi sun duba, ba kowa a wurin sai ita, ciyawar ma ba a taka ba. Ni mutum ne mai takardun jami'a, na ce iska ce. 'Yar ba ta yi musu da ni ba. Ta dai ce haka mahaifinta yake jan ƙarshen kalma in yana kiransu cin abinci.

Na tambayi Baba. Ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

"Ƙanena ya yi aikinsa tun yana da rai," ya raɗa. "Ku daina tashinsa."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun ya karɓe ka. Ku kuma masu ɗaukar sanda ku tafi ƙasar wasu: ku yi shiru inda ake shiru, ku share sawunku. Amma in ƙwallonku ta karkace, ku yi ihun da bakinku. 'Yar tana nan a kwanar kowace safiya.