Baƙin Man da Na Zuba wa Armoniyom ɗin Yaya

Ni ne na yi laifi, ba yayana ba, ba kuma gara ba. Na daɗe ina yawo cikin Madarumfa ina faɗin akasin haka, kuma in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Yayana tela ne. Bayan keken ɗinki, babu abin da yake so kamar wani tsohon akwatin kiɗa na Turawa da ake kira armoniyom. Da ƙafa ake taka shi, zugazugin ciki ya hura iska kamar na maƙera, iskar ta bi ta kan siraran harsunan tagulla, sai murya ta fito. A Maraɗi ya samo shi tun yana saurayi, daga baya ya jajibo wasu matattun irinsa don ya riƙa cire musu harsuna. Ya ɗora akwatin kan duwatsu kamar rumbu, yana zagaye shi da toka saboda gara. In ya taka shi da la'asar, masunta masu dawowa daga tabki sukan tsaya a ƙofa da taru a kafaɗa.

Da daminar bana aka kai shi Katsina aikin ido. Ya ba ni makulli ya ce, "Auta, toka kawai. Kada ka buɗe mishi baya."

Ina zuba tokar, rannan na ga gara ta ja hanya a bango, dab da akwatin. Ni kuwa azarar ɗakina da amalankena duk da baƙin man bidanji nake shafe su, wanda ake juyewa daga injin mota, kuma gara ba ta taɓa kusantarsu ba. Na karɓo galan guda a garaji, na kwance bayan akwatin, na shafe katako, na tuttula wa zugazugi har yana ɗiga. Na fito ina jin na fi mai abin sanin abinsa.

Ranar da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya zauna ya taka. Babu abin da ya fito sai huci. Mai ya jiƙa shi sharkaf, ƙyallen zugazugi ya saki, harsuna sun toshe. Baƙin mai ya ɗiga a farin wandonsa.

"Auta, mi ka zuba mishi?"

"Magani na yi mishi, Yaya. Da yanzu gara ta cinye shi."

"Magani? Amalanke ne? Ko ka ga jaki na jan shi?"

'Yan sannu da zuwa suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na ce ba shi da godiya. Na ce da furfurarsa yana wasa da tarkacen Nasara. Sannan na faɗi wadda ta fi muni: tunda Allah bai ba shi ɗa ba, ya je ya yi ta renon katako. Na jefa masa makulli a ƙasa.

Na daina gaishe shi. A majalisar mai shayi ni ne mai ba da labarin butulcinsa. Da wani masunci ya ce mini, "Kai ne ka kashe muna la'asar ko?" saura kaɗan in kai masa duka.

Bayan an yanke gero na shiga gidan, ba don gaisuwa ba, galan ɗina na je ɗauka. Na tarar da shi kan tabarma da kwanon kananzir. Yana zaro harsunan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya kai dab da idon da likita ya hana shi wahalarwa. Idon ya yi ja, yana zubar ruwa. Ya ɗan taɓa harshen da farce, ya kasa kunne, ya ajiye. Zugazugin na gefe a yage, baƙi ƙirin, kuma babu inda ake sayar da irin ƙyallensa a nan.

Haushin da na yi ta ɗorawa kansa ya dawo kaina gaba ɗaya. Mutum ya ce toka, ni na ce na fi shi wayo, na kashe masa abu, na kuma zage shi a kan abin da ba shi ya yi wa kansa ba.

Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin tabarmar.

"Yaya, ka ce toka, na ƙi ji. Ni na ɓata shi. Maganar ɗa da na yi kuwa, bakina ne ya yi ƙazanta. Don Allah ka gafarta mini."